Baƙin Mai

Injiniyan ya danna maɓalli, famfon ya ɗauka da 'yar ƙara mai laushi, ƙarfen jak ya miƙe a hankali yana ɗaga wani dunƙulen siminti. Ya kai ƙarshe, ya tsaya, ya sauko. Aka sake dannawa, ya sake miƙewa. Abdulgani na tsaye cikin farar shaddarsa, hannu a baya, yana roƙon Allah a ransa abin nan ya shaƙe ko da sau ɗaya ne. Ina! Famfo sai aiki yake yi kamar yau aka fito da shi daga kwali.

"Meyo wanti," in ji injiniyan, ya buɗe tafukan hannunsa.

Wannan kam ko Abdulgani ya ji. Duk wanda ya yi wata guda a Guangzhou ya san meyo, wato babu. Babu matsala ke nan.

"Ya ce kwana goma sha tara suna gwajinshi, sahe da marece," Munkaila ya ƙara masa. "Ya ce in akwai mai ciwo, to ba wannan hwamhwon ba ne."

Munkaila mutumin Maraɗi ne, shekararsa goma a garin, jakunkunan mata yake sarowa a kasuwar Shiling. Bakinsa ya faɗa da yaren China, shi ya sa duk Bahaushen da magana ta cakuɗe masa a masana'anta shi yake nema. Ba ya ƙin zuwa, sai dai fa ka shirya wa tsiyarsa.

Famfon na tifar Tankari ne, yayan Abdulgani. Shekara goma sha tara Tankari yana tuƙa tifar mutane, yana ɗebo yashi daga kogin Wudil, kafin Allah ya ba shi tasa ta kansa. Da kuɗin tuƙin nan ya yi wa Abdulgani jarin farko, har ya kai ga shiga jirgi. Shi kuwa Abdulgani, tun shekarar 2001 yake kai wa masu tifa na Kano famfon wannan kamfani, wanda ba mai iya faɗin sunansa, sai dai a ce Mai Ɓauna, saboda hoton da ke jikin kwalin. Famfon shi ke tura mai cikin jak, jak ya ɗaga bodi, yashi ya zube. In ya mutu, tifa ta zama akwati mai taya.

A bara kamfanin ya daina yin tsohon samfuri, ya fito da sabo, ƙarami, mai sheƙi. Abdulgani da bakinsa ya lallaɓi Tankari ya cire tsohon nasa, wanda ke aiki lafiya lau, ya ɗaura sabon don sauran direbobi su gani su saya. Suka gani, suka saya. Tsohon kuma aka ba 'yan gwangwan. Ba a rufa wata huɗu ba bodin Tankari ya ƙi tashi da lodi a kansa, sai da aka kwashe yashin da shebur a gaban mai gini. Daga nan na wannan ya tsaya, na wancan ya tsaya. Yau mako bakwai ke nan tifa goma sha biyu na jere a gareji, ciyawar damina na fitowa a ƙarƙashinsu.

Tankari bai yi faɗa ba, kuma da ya yi ma da ya fi sauƙi. Kwance famfon ya yi, ya toshe bakunansa da tsumma, ya naɗe a leda uku, ya ba wani ɗan kasuwar Kwari mai tahowa. A waya ya ce, "Audu, ka kai musu yadda yake. Su buɗe su gani da idonsu."

To a nan gizo... a'a, a nan dai Abdulgani ya yi abin da ya yi. Da ya kwance ledar a bayan sito a Huangpu, wani baƙin ruwa mai kauri ya dalalo masa a yatsu, mai warin ƙonannen inji. Ya san shi sarai. Man haidirolik na gaskiya tsada gare shi, ba direban yashin da ke sayensa. Baƙin man da aka juye daga inji ake tarawa a jarka, mai kirki ya tace da tsohuwar singileti, wani ko tacewa ba ya yi, a ɗura. Haka kowa ke yi tun kafin a haifi Abdulgani, kuma tsohon Mai Ɓauna bai taɓa yin gardama ba. Amma duk shekara in kamfani ya aiko da takarda yana tambayar irin man da ake zubawa, Abdulgani lamba arba'in da shida yake rubutawa, wanda aka ce a zuba.

Kunya ce, ba wani abu ba. Shekara bakwai yana shiga motar haya a China yana ganin wasu na matsawa, wata ma ta toshe hanci. Shi ya sa ba ya fita sai da farar shadda mai guga da turare, ba ya makara, ba ya ɗaga murya a ofis. Yana so in an ga Bahaushe a ga mutum mai tsari. Yanzu kuma ya ɗauki wannan ƙazanta ya ajiye a teburin mutanen da ke sa farar safar hannu kafin su taɓa ƙarfe? Ya sayi man gas lita biyu a wurin wani direba, ya samo buroshin haƙori, ya zauna ya wanke famfon ciki da waje, ya bi da sabulu, ya shanya. Da ya kai shi kamfani har ƙyalli yake yi.

Yanzu ga shi ana ce masa lafiyarsa ƙalau. Kuma jibi Lahadi bizarsa ke ƙarewa. Saboda wasannin Olamfik da za a buɗe a wata mai kamawa an tsuke bakin komai, ba a ƙara wa kowa ko kwana ɗaya. Sahun Juma'a a masallacin Huaisheng ma ya ragu, rabin 'yan Kano sun tattara. In ya hau jirgi hannu rabbana, sai bayan wasanni zai iya dawowa, in ma an ba shi.

Wayarsa ta yi gurnani a aljihu. Ya leƙa, Tankari ne. Ya mayar.

"Alhaji, ka ɗauka mana," in ji Munkaila.

"In ce masa me?"

Kafin Munkaila ya ba da amsa sai ga Ƙaramin Fang ya shigo da sauri. Ɗan mai kamfanin ne, shekara biyu ke nan da ya dawo daga karatu a Turai ya karɓi ragama. Yana jin Turanci, don haka ba ya bukatar tafinta. Ya kama hannun Abdulgani da hannu biyu.

"Mista Gani, ka gani da idonka ko? Za mu rubuta maka rahoto da hatimi, ka kai wa direbobinku. Wataƙila lodi suke cikawa. Yanzu zo, akwai abin da nake so ka gani, mai hoto na jira."

Ya ja su suka tsallaka fili zuwa wani sabon gini mai warin fenti. Ma'aikata na kan tsani suna rataye jajayen ƙyallaye. Ranar takwas ga watan takwas, daidai da buɗe wasanni, kamfanin zai yi bikin cika shekara ashirin, wannan kuma shi ne ɗakin tarihi.

Ƙaramin Fang ya bi bango da su hoto bayan hoto. Ga 1988, wata rumfar kwano a bakin kududdufin kifi, mutum shida da injin gyaran ƙarfe ɗaya. Ga 1995, ranar da aka ɗaura famfonsu a babbar mota karon farko. Ga 2001, kwantenar farko zuwa Afirka a tashar Huangpu, a gefenta wani siririn saurayi da hula ta fi kansa girma.

Munkaila ya tuntsire da dariya. "Kai, Bakano! Wannan wuyan naka ne? Ashe shinkahwar China ta karɓe ka."

Abdulgani bai yi dariya ba, idonsa na tsakiyar ɗakin. A can, cikin akwatin gilashi, kan jan ƙyalle, tsohon Mai Ɓauna ne zaune, ƙato, mummuna, an shafe shi da sabon koren fenti. Ya tsaya cak, kamar wanda ya hango ɗan garinsu a tashar mota.

"Mista Fang, irin wannan nake so. Guda goma sha biyu kawai. Ko nawa ne."

"Meyo," in ji Ƙaramin Fang yana murmushi. "Mun narkar da ƙarafan da muke ƙera shi da su tun bara. Wannan fasahar da ce."

"To wannan ɗin fa? Ka sayar mini da shi."

"Haba, Mista Gani! Wannan shi ne famfo na farko da mahaifina ya ƙera. A wurin wani manomi muka je muka fanso shi. Tarihi ne." Ya yafito mai hoton. "Ka tsaya nan kusa da shi. A ƙarƙashin hotonka za mu rubuta: abokinmu na Afirka, shekara bakwai ba ƙorafi."

Wani ya yi kaki daga lungu, ya yi magana da murya mai kaushi. Sai a lokacin Abdulgani ya lura da tsohon da ke zaune kan kujerar roba a bayan ƙofa, da singileti da silifas, kwalbar shayi a cinyarsa. Wallahi da a bakin get ya gan shi da ya ce maigadi ne. Tsoho Fang ne, mai kamfanin. Rabon Abdulgani da shi shekara uku, ya rame, gashinsa ya yi fari fat. Tun da ɗan ya karɓi ofis, ba a bar masa komai ba sai yawo cikin masana'anta da kwalbar shayi.

"Ni hao, laoban," Abdulgani ya gaishe shi, wato sannu maigida, ya ɗan rusuna.

Tsohon ya ɗaga masa kwalba, ya ci gaba da magana. Munkaila ya karkata kunne, don harshen tsohon na ƙauye ne, sai an bi a hankali.

"Bon. Ya ce ranar da aka kawo hwamhwonka ya tahi ya shinshina shi." Munkaila ya dakata, ya dubi Abdulgani. "Ya ce shekara ashirin ana maido mishi da kaya, bai taɓa ganin na motar yashi mai ƙamshin sabulu ba. Ya ce tambaya guda gare shi. Wane mai kuke zubawa?"

"Yana cikin takarda, Baba," Ƙaramin Fang ya tari numfashinsa, ya maimaita da Turanci don baƙo ya ji. "Lamba arba'in da shida. Mista Gani ba ya wasa da ƙa'ida, shi ya sa muke alfahari da shi."

Tsohon ko kallon ɗansa bai yi ba.

Zufa ta karyo wa Abdulgani duk da sanyin na'ura. Arba'in da shidan na nan a kan harshensa, faɗarta ba wuya, ya saba. A ɗauki hoto, a ba shi rahoto mai jan hatimi, ya hau jirgi da mutuncinsa. Sai ya sauka Kano ya miƙa wa Tankari takarda cewa laifin direbobi ne. Wayar ta sake yin gurnani a cinyarsa, ta yi ta gaji, ta yi shiru.

"Mi zan ce mishi?" Munkaila ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Ka ce masa baƙin mai ne."

"Na'am?"

"Baƙin man da aka juye daga inji. Shi muke zubawa, tun farko shi muke zubawa. Abin da nake rubutawa a takarda ƙarya ne. Famfon kuma cike da shi ya zo, ni na wanke shi da hannuna don kar su gani." Ya dubi Munkaila. "Faɗa masa duka, Malam Munkaila, kar ka gyara mini."

Munkaila ya riƙe baki. "La ilaha illallahu! Kwana goma sha tara kana ja na cikin zahin nan, ashe kai ka yi wa mara lahiya wanka ka kai shi asibiti?" Ya girgiza kai. "Yo mu kamyonmu, manyan motocin Maraɗi, mi suke sha in ba shi ba?" Sannan ya juya ya fassara, bai rage komai ba.

Fuskar Ƙaramin Fang ta sauya tun kafin a kai ƙarshe. Ya sallami mai hoton da hannu. "Mista Gani, ka san abin da ka faɗa? Garanti ya tashi ke nan. Injiniyoyi huɗu na ɗora a kan wannan aikin. Ba famfonmu ne ya gaza ba, ku ne ba ku iya..."

Bai ƙarasa ba, don tsohon ya fashe da dariya har shayi na zuba a cinyarsa. Ya miƙe da ƙyar, ya ja silifas zuwa akwatin gilashin, ya ɗage murfin ya jingine a bango kamar faifan tukunya. Ɗan ya yi magana da sauri, uban ya daka masa tsawa guda, ya yi tsit. Tsohon ya laluba aljihu ya ciro ɗan sifana, ya kama wani noti a gindin famfon. Sabon fentin ya tsage, notin ya juya. Ya zura ɗan yatsa ciki, ya juya, ya zaro, ya ɗaga sama. Baƙi ƙirin.

Ya yi magana mai tsawo, yatsan a sama, Munkaila na bi.

"Ya ce ka ga rumhwar nan ta cikin hoto? Manoma yake ƙera ma hwamhwo, na 'yan motocin ɗaukar taki. Ya ce kana zaton manomin 1988 na da kuɗin man kanti? Baƙin mai suke zubawa, wani har da na injin ban ruwa. Goman hwarko da ya yi duk suka shaƙe, manoma suka zo da sanduna. Sai ya buɗe ya iske wata 'yar kahwa ce a ciki, kamar ta allura, datti ke toshe ta. Ya sa hannu ya buɗa ta. Daga nan hwamhwonshi ya daina mutuwa, na manyan kamhwanoni na mutuwa. Ya ce abin da ya gina wurin nan ke nan, ba wani abu ba."

Tsohon ya nuna rubutun zinare da ke saman hoton rumfar, ya yi tsaki.

"Mi aka rubuta?" Munkaila ya matsa ya karanta. "Wai tun ranar hwarko, inganci irin na duniya." Ya yi 'yar dariya. "Ya ce ɗanshi ya maida kahwar ƙarama don haka littahin Turawa ya ce. Kai kuma da ka sa buroshi, ka hidda abin da ya toshe ta. Ya ce ku biyu kun iya wanki."

Abdulgani ya saci kallon Ƙaramin Fang. Kunnuwansa sun yi ja, idonsa a kan takalminsa. Abdulgani ya san wannan tsayuwar, ya yi irinta a motar haya ba sau ɗaya ba. Haushinsa da yake ji ya ragu.

"Ba za a sa wannan a littafin biki ba," in ji Ƙaramin Fang a hankali, da Turanci, sannan da yarensu.

Uban ya amsa a gajarce.

"Ya ce kar a sa. Shi ba littahi ya dame shi ba."

"Malam Munkaila, tambaye shi," Abdulgani ya matso. "In kafar ce, a buɗa mini goma sha biyu yau, in tafi da su jibi. Ko a jakata zan zuba su."

Tsohon ya girgiza kai tun kafin a gama fassara. Ya ce sabon famfo ba tsoho ba ne, in an buɗa fiye da kima ƙarfin ɗagawa zai ragu, bodi ya sauko wa mutum a ka. Ya ce laka ya sani, ta gonar shinkafa, bai san yashin kogin Kano ba, kuma ba ya ƙera abu da ka. A kawo masa famfo guda yadda aka ciro shi, da mansa da dattinsa. In ya gani, kwana goma sun ishe shi, shi da kansa zai tsaya a kan injin. Munkaila ya ce a aiko da sunansa, tunda takardunsa na zama ne, zai kawo.

Abdulgani ya yi lissafin kwanakin a ransa. Da ya miƙa ledar nan yadda ta zo, da yanzu tifar Tankari na bakin kogi.

"Sheshe, laoban," ya yi masa godiya.

Tsohon ya kama hannunsa ya girgiza da ƙarfi, da yatsan nan nasa. Ba wanda ya sake ta da zancen hoto.

A motar komawa gari Munkaila ya yi ta ba direba labari da yaren China suna dariya, Abdulgani bai tambayi na mene ne ba. Suka wuce manyan allunan Olamfik masu zobba biyar, suka shiga cunkoson gada. Ƙarfe huɗu na yamma, tara na safe ke nan a Kano. Ya ciro waya, sai ya ga baƙin shafi a tafinsa, har ya taɓa bakin hannun rigar. Ya danna kira.

Bugu ɗaya aka ɗauka. Yana jin hayaniyar gareji, wani na dukan ƙarfe, rediyo na yi.

"Audu, tun ɗazu nake nemanka. Me suka ce?"

"Yaya, ina kwana. An gano inda matsalar take. Za a gyara, in sha Allahu."

"Alhamdu lillahi! Kai, alhamdu lillahi!" Ya ji Tankari ya juya yana faɗa wa mutane, murya ta tashi a bayansa. "Yaushe za ka taho da su?"

"Da saura tukuna. Sai an ciro wani famfon an aiko, ko na tifar Maidaji ne. Gobe akwai masu tahowa ta Legas. A toshe shi da mansa a ciki, kar a wanke, kar a goge ko bayansa."

"Yo ai wancan ma haka na aiko shi. Leda uku na sa. Ko zubewa ya yi a hanya?"

Munkaila ya daina hira, ya juya fuska wajen taga.

"Bai zube ba, Yaya. Ni na wanke shi."

Dukan ƙarfen ya ci gaba a can, rediyo na ta yi. Abdulgani ya duba fuskar wayar ko ta katse.

"Kunyarmu ka ji, Audu?"

"E, Yaya."

Sannan ya ji numfashin yayansa, ya ji ya janye wayar daga bakinsa ya ɗaga murya.

"Maidaji! Miƙo sifana sha bakwai da jarka, shiga ƙarƙashin taka." Ya dawo kan wayar. "Da baƙin man nan dai aka saya maka tikitin farko. Sai ka iso."